Asusun Banki Mai Ƙunshin Alfarma: Ko Ya Cancanci Mutumin Sakkwato Ya Riƙe Shi?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga bankunan da ke jere a kan Titin Kano cikin birnin Sakkwato, da wuya a ce bai taɓa cin karo da tallar wani irin asusu ba wanda ake cewa na manya ne. Wani lokaci a jikin bango zai ga tallar, wani lokaci kuwa ma'aikaci ne zai ja shi gefe ya ce masa, "Alhaji, ai irinku sun wuce bin layi." Abin da ake nema gare shi shi ne ya yarda a riƙa zare wani kuɗi daga ajiyarsa kowane wata, ko kuma ya bar wani adadi mai kauri wanda ba zai taɓa ba. Shi kuma banki ya haɗa masa waɗansu alfarmomi a ƙunshi ɗaya: kati na musamman, da ma'aikacin da zai riƙa kula da shi, da inshorar tafiya, da zauren hutawa a filin jirgin sama, da yafe masa waɗansu ƙananan kuɗaɗen da aka saba cira.

Manufar wannan maƙala ita ce a warware wannan ƙunshi a duba abin da ke cikinsa, sa'an nan a auna shi da kuɗin da ake biya, domin a gane wanda ya kamata ya riƙe irin wannan asusu da wanda ya kamata ya sake shi. Ba batun adabi ba ne, gaskiya, amma batu ne da ya shafi aljihun malami da ɗalibi duka, kuma akwai ruwan harshe a cikinsa, kamar yadda za a gani.

Ladan ajiya a al'adar Bahaushe

Biyan lada domin a tsare wa mutum dukiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai bin kasuwa yana karɓar ajiyar yau da kullum daga 'yan tireda da mahauta da masu abinci, in wata ya cika yakan mayar wa kowa kuɗinsa ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Watau kashi ɗaya ke nan cikin 30, wanda ya haura kashi 3 cikin 100, kuma wannan ba ƙaramin lada ba ne. Duk da haka ba a cika jin ƙorafi ba, dalili kuwa kowa ya san abin da za a cire tun ranar da ya fara zubi. Haka dillali a Kara yake da la'adarsa sananniya, fatoma kuma ya saukar da baƙon falke, ya ba shi makwanci da abinci, ya tsare masa kuɗi, ya tsaya masa in ciniki ya rikice, sa'an nan ya ci nasa rabo. In aka lura, fatoma shi ne asalin mai sayar da alfarma a ƙunshe, sai dai duk abin da ke cikin ƙunshinsa abu ne da baƙo yake bukata a daren nan.

Akwai kuma al'adar gyara. Mai sayar da gero ko tumatur yakan ƙara wa mai saye ɗan wani abu bayan an gama ciniki, kuma sharaɗin gyara shi ne ba a biyansa. To, a nan ne harshen talla yake rikita mutane. In ma'aikacin banki ya juya takardarsa zuwa Hausa, kalmar da ta fi zuwa bakinsa ita ce "kyauta": inshora kyauta, kati kyauta, zaure kyauta. Kunnen Bahaushe kuwa yana jin kyauta sai ya ɗauka gyara ne. Alhali abin da ake biya wa kuɗi kowane wata sunansa haja, kuma haja ana taya ta, ana juya ta a duba bayanta kafin a sallama.

Yadda kuɗin banki ya yi ta sauya suna

Ba za a fahimci dalilin da ya sa bankuna suka ƙirƙiro irin wannan asusu ba sai an waiwayi tarihin kuɗaɗen da suke cira. Dattawan 'yan kasuwar Sakkwato, waɗanda suka yi hulɗa da Bankin Arewa da aka kafa zamanin Sardauna, wanda daga baya ya narke cikin bankin Unity a 2006, sun san wani kamasho da ake kira C.O.T. Shi wannan kamasho ana cire shi ne daga duk kuɗin da ya fita daga asusun karant, watau asusun hada-hadar yau da kullum, kuma ya daɗe a kan naira 5 cikin kowace naira 1,000. A shekarar 2013 Babban Bankin Nijeriya ya tsara kashe shi sannu a hankali: naira 3 a 2013, naira 2 a 2014, naira 1 a 2015, sa'an nan ya mutu ɗungum a 2016. Amma kafin a gama yi masa sutura, a watan Janairu na 2016 ɗin, sai aka haifi magajinsa da sunan kuɗin kula da asusu, wanda aka ƙayyade kada ya wuce naira 1 cikin 1,000. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙa'idar ta ce wannan kuɗi abin sasantawa ne tsakanin banki da mai ajiya. Za a komo kan wannan magana, domin tana da nauyi.

Jagorar kuɗaɗen banki wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2020 ita ce ta zayyana sauran ƙananan kuɗaɗen da talaka ya fi sani. A cikin wannan jagora ta 2020, aika kuɗi ta waya naira 10 ne in bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 har zuwa naira 50,000, naira 50 ga abin da ya haura. Kula da katin asusun ajiya naira 50 duk wata uku. Saƙon waya kuwa kada ya wuce naira 4, wanda bankuna suka ɗaga zuwa naira 6 a watan Mayu na 2025 bayan kamfanonin sadarwa sun ƙara farashi. A watan Maris na 2025 aka soke cirar kuɗi sau uku kyauta a na'urar wani banki, aka sa naira 100 a kan kowace naira 20,000. Bugu da ƙari akwai harajin gwamnati na naira 50 a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 in an aika shi ta na'ura, da harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 wanda ke hawa kan ladan banki tun 2020.

Waɗannan 'yan cire-cire su ne suka gallabi mutane, har ya zama duk saƙon da ya shigo waya sai gaban mutum ya faɗi. Da bankuna suka ga haka sai suka ce, to, ga hanyar hutawa: biya sau ɗaya a dunƙule. Tun zamanin C.O.T. akwai asusun da ake yafe wa kamasho muddin ajiya ba ta sauka ƙasa da wani adadi ba. Daga baya aka ƙara armashi. Alal misali, bankin Diamond ya fito da tsarin XclusivePlus a 2018, mai kuɗin zama memba da kati na musamman da zaurukan filayen jiragen sama, bankin Access kuma ya gaje shi bayan haɗewar bankunan biyu a 2019. Sauran manyan bankuna kowa da irin nasa da sunan da ya laƙaba masa.

Abin da ya faru a Ingila

Wannan dabara daga ƙasashen Turawa aka aro ta, musamman Ingila, inda ta yi shekaru tana cin kasuwa. Can akwai asusun da ake kira FlexPlus na kamfanin Nationwide, wanda kuɗinsa na wata ya tashi daga fam 13 zuwa fam 18 a watan Disamba na 2024, watau fam 216 a shekara. A cikin ƙunshinsa akwai inshorar tafiya ta iyali duka, da inshorar wayar hannu, da aiko makanike in mota ta lalace a hanya. Ga iyalin da dama can suke sayen waɗannan abubuwa uku ɗai-ɗai kowace shekara, sau da yawa haɗin ya fi araha, saboda haka riƙe asusun hikima ce a gare su.

Amma ko a can sai da aka yi ta rigima. An tarar an sayar wa tsofaffi inshorar tafiya alhali shekarunsu sun wuce iyakar da inshorar take karɓa, an sayar wa marasa mota taimakon makanike, waɗansu kuma an sauya musu asusu ba tare da sun fahimci akwai na kyauta ba. Wannan ya sa hukumar da ke kula da harkar kuɗi ta kafa doka, wadda ta fara aiki a ƙarshen watan Maris na 2013, cewa wajibi ne banki ya bincika ko mutum ya cika sharuɗɗan kowace inshora kafin ya sayar masa, ya kuma aika masa da takarda kowace shekara yana tunatar da shi. Duk da wannan, a shekarar kuɗi ta 2015 zuwa 2016 ƙararrakin da aka kai ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi a kan irin wannan asusu sun haura 40,000. In har mutanen da aka rubuta takardar da harshen uwarsu sun faɗa wannan rami, ina ga mai shanu daga Acida wanda aka miƙa wa shafi huɗu na Turancin lauyoyi aka nuna masa inda zai sa hannu?

Ƙa'idar da ta fito daga wannan labari guda ɗaya ce, kuma da ita za a yi sauran awon. Darajar kowace alfarma ita ce abin da mutum zai fitar daga aljihunsa ya saye ta da a ce ba a haɗa masa ita ba. Abin da ba zai taɓa saye ba, darajarsa gare shi sifiri ce, ko da banki ya rubuta cewa ta kai naira dubu ɗari.

Lissafin mutum uku

A ƙaddara, don misali kawai, wani banki yana karɓar naira 5,000 a wata, watau naira 60,000 a shekara, ya kuma yafe kuɗin kula da asusu da na aikawa da na saƙo.

Na farko ma'aikaci ne mai albashi, malamin makaranta ko akawu a sakatariya. A ce saƙo 30 yake samu a wata a kan naira 6, ya zama naira 2,160 a shekara. Yana aika kuɗi sau 10 a wata a kan naira 25, naira 3,000 ke nan. Kula da kati naira 200. Jimla naira 5,360, in aka ɗora haraji a ce ta doshi naira 6,000. Wannan shi ne dukan abin da yake kuka a kai shekara guda. In ya shiga asusun alfarma don ya huta da shi, ya biya naira 60,000 domin ya tsere wa naira 6,000, kuma harajin gwamnati na naira 50 yana nan, don banki ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. Mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tsayar naira 70,000 ne. Ashe ƙaramin ma'aikaci zai ba da kusan albashin wata guda ke nan a kan kati mai sheƙi. An gudu daga yayyafi an faɗa kogi.

Na biyu ɗan kasuwa ne mai sarin albasa daga Gada ko Goronyo yana lodi zuwa kudu. A ce naira miliyan 40 ke fita daga asusunsa a shekara. A zamanin C.O.T. na naira 5 da ya biya naira 200,000, kuma a lokacin duk asusun da zai yafe masa wannan abin a rungume ne. A kan naira 1 cikin 1,000 kuwa abin da zai biya naira 40,000 ne, da haraji naira 43,000. Har yanzu bai kai naira 60,000 ba. Kafin lissafi ya yi kunnen doki sai kuɗin da ke fita ya kai wajen naira miliyan 60 a shekara, watau miliyan 5 kowane wata. Ga shi kuma albasa tana da lokacinta. Watannin da ba a lodi, kuɗin kula da asusu yana barci tare da ciniki, tun da a kan abin da ya fita ake cirarsa, amma kuɗin alfarma ba ya san damina ba ya san rani.

Na uku shi ne babban dila, mai safarar shanu daga Kara zuwa Legas, ko mai sarin siminti daga Kalambaina, wanda naira miliyan 10 ko fiye ke ratsa asusunsa kowane wata. Shi kuɗin kula da asusunsa zai kai naira 120,000 a shekara, saboda haka biyan naira 60,000 a madadinsa riba ce a fili, tun ba a zo ga sauran alfarmomin ba. Irin wannan mutum shi aka ɗinka wa rigar, kuma ta zauna masa. Sai dai ko shi akwai abin da ya kamata ya fara gwadawa. An riga an ambata cewa naira 1 cikin 1,000 iyaka ce ta sama, ba farashin dole ba. Mutumin da ke juya miliyoyi yana da bakin da zai zauna da manaja ya nemi ragi a rubuce, kuma banki ba ya son ya rasa shi. Abin mamaki, Basakkwacen da zai shafe rabin sa'a yana tayin buhun gero a Tsohuwar Kasuwa, in ya shiga banki sai ya kama bakinsa kamar ya shiga fada.

Alfarmar da ba ta iso Sakkwato ba

Sauran kayan ƙunshin, in aka dube su da idon mazaunin wannan birni, yawancinsu an tsara su ne domin wata irin rayuwa daban. Zaurukan hutawar da ake magana na manyan filayen jirage ne, irin na Legas da Abuja da Dubai da Landan. Wanda yake tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III sau biyu ko uku a wata, yana canja jirgi a waɗannan birane, zai more su. Wanda tafiyarsa ta mota ce zuwa Illela ko Gusau ko Kano, ba ruwansa da su. Haka rangwamen otal-otal da kantuna da gidajen sinima, waɗanda akasarinsu a Legas da Abuja suke.

Inshorar tafiya ta fi kowanne bukatar a karanta ta da natsuwa, domin tafiye-tafiyen da mutanen nan suka fi yi zuwa ƙetare iri biyu ne, kuma duka biyun suna iya faɗawa wajen da'irarta. Ta farko aikin hajji. Sharaɗin da aka saba gindayawa a inshorar da ke maƙale da kati shi ne a sayi tikitin jirgi da katin nan. Maniyyaci kuwa kuɗin kujera yake biya a dunƙule ga hukumar alhazai ta jiha, ba shi ke yankar tikiti ba. Ta biyu neman magani a Masar ko Indiya ko Saudiyya. Inshorar tafiya bisa al'ada ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya bar gida da shi, ballantana tafiyar da aka yi musamman don jinya. Ga iyakar shekaru kuma, wadda ta fi kama dattawa, su ne kuwa suka fi kuɗin shiga irin wannan asusu. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Shi kansa katin akwai abin tunawa game da shi. A shekarar 2022, da dala ta yi ƙaranci, manyan bankuna ɗaya bayan ɗaya suka dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, ba su fara maido da shi ba sai tsakiyar 2025. Duk wanda ya shiga asusun alfarma don ya riƙa sayayya a Makka ko Dubai da katin nairarsa, ya ga yadda abin da aka yi masa alkawari ya kuɓuce saboda dalilin da ya fi ƙarfin reshen da ya buɗe masa asusu.

Akwai alfarma guda wadda ba za a raina ta ba, ita ce samun ma'aikaci takamaimai mai ɗaukar waya. Wanda ya taɓa aika kuɗin kaya suka maƙale a hanya, mota tana jira a tasha, mai kaya yana cewa bai ga saƙo ba, ya san abin da wannan yake nufi. An ga amfanin sanayya a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da mutane suka riƙa sammako a bakin bankuna, masu P.O.S. kuma suna sayar da naira da naira. Ga ɗan kasuwar da jinkirin wuni ɗaya zai ruɓar masa da lodin tumatur, wannan kaɗai yana iya biyan kuɗin shekara. Amma a lura da abu biyu. Dokar ƙayyade cirar tsabar kuɗi daga Babban Banki take zuwa, tana hawa kan mai alfarma da maras ita. Sa'an nan mai manyan kuɗi dama can ana tashi a gaishe shi in ya shigo, ko bai biya ko anini ba.

Wani kuskure da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa asusun manya ya fi tsaro in banki ya durƙushe. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, N.D.I.C., ta ɗaga abin da take lamuncewa daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci a 2024, kuma da wannan ma'auni aka fara biyan mutanen bankin Heritage bayan an soke lasisinsa a watan Yuni na shekarar. Ba a tambayi kowa launin katinsa ba.

Kuɗin da aka ce a bari kwance

Nau'i na biyu na wannan asusu ya fi na farko daɗin ji, domin ana cewa ba za a cire kome ba muddin mutum ya bar, a ce, naira miliyan 1 a ciki. A nan hasarar ɓoye take. A ƙarshen 2024 mizanin ruwa na Babban Banki kashi 27.5 ne cikin 100, ƙa'ida kuma ta ce asusun ajiya kada a ba shi ƙasa da kashi 30 cikin 100 na wannan mizani, watau kashi 8.25. Miliyan ɗin nan da a asusun ajiya take da ta jawo naira 82,500 a shekara. Wanda ba ya cin ruwa zai ce wannan bai shafe shi ba, kuma ya yi gaskiya. Amma tsadar kaya ta shafe shi. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana miliyan da ta kwana shekara a kwance ba za ta sayi fiye da abin da wajen naira 740,000 ta saya a farkon shekarar ba. Da an sa ta a buhunan gero ko raguna ko fata, da ta bi farashi ta tashi tare da shi. Ɗan kasuwa ya san jarin da ba ya juyawa raguwa yake yi. In kuma wata rana bukata ta taso ya taɓa kuɗin suka sauka ƙasa da adadin, a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi kuɗaɗen da aka yafe sai su dawo na wannan wata, wani lokaci har da tara.

Ta fuskar shari'a

A birni irin Sakkwato ba a rufe wannan magana ba tare da an taɓo hukuncin addini ba, ko da yake fatawa ta malamai ce. Karɓar lada sananne a kan aiki sananne, kamar tsare kuɗi da aika su, malamai ba su cika saɓani a kan halaccinsa ba. Matsala tana tasowa ne a wuri biyu. Na ɗaya inshora irin ta kasuwa, wadda majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa akwai garari mai yawa a cikinta, ta nuna tsarin taimakon juna, watau takaful, a madadinta. Wanda ya tsaya a kan wannan ra'ayi ba zai nemi diyyar inshorar ba ko da ya cancanta, to me ya saya ke nan? Na biyu, malamai da dama suna ɗaukar kuɗin da ke asusun karant a matsayin rance ne mai ajiya ya ba banki, kuma amfanin da aka sharɗanta wa mai ba da rance saboda rancensa abin gudu ne. Bisa wannan fahimta, alfarmar da aka ba mutum don ya bar miliyan a kwance ta fi wadda ya saya da ladan wata shiga shubuha. Bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun buɗe wata ƙofa, amma su ma suna da ladan aikinsu, kuma lissafin da aka yi a sama yana hawa kansu daidai da kowa.

Wanda ya riga ya shiga

Mafi yawan masu irin wannan asusu ba su sake waiwayarsa ba tun ranar da suka sa hannu. Hali kuwa yana sauyawa: ma'aikaci ya yi ritaya ya daina tafiye-tafiye, ciniki ya ja baya, banki ya ƙara kuɗi ko ya zare wata alfarma daga ƙunshin, amma cirar wata-wata tana nan tana tafiya. Tun da ba lalle ne wata takarda ta zo ta tunatar da shi ba, shi ya kamata ya sa wa kansa rana a shekara, ko da lokacin da yake lissafin zakka ne. Ya nemi bayanin asusunsa na wata 12, wanda jagorar 2020 ta ce na wata-wata kyauta ne, na musamman kuwa kada ya wuce naira 20 kowane shafi. Ya tara duk abin da aka cira a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ya rubuta alfarmar da ya taɓa da hannunsa a shekarar, da kuɗin da zai biya da a kasuwa ya saye ta. Wadda yake fatan zai yi amfani da ita baɗi ba ta shiga lissafi.

In ya ga gefen cira ya rinjaya, ba sai ya bar bankin ba. Ya rubuta takarda yana neman a mayar da shi asusu na gama-gari, ya tambaya ko lambarsa za ta sauya, domin masu aiko masa da kuɗi su sani, ya kuma riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. In kuwa ya tarar an sa shi cikin tsarin ba da saninsa ba, ko an cire abin da ya wuce ƙa'ida, sai ya fara kai kuka ga bankin a rubuce ya karɓi lambar ƙara. In aka yi masa kunnen ƙashi, Babban Banki yana da sashen kare masu ajiya tun 2012, yana kuma da reshe a nan Sakkwato, jagorar 2020 kuwa ta yanka tarar naira miliyan 2 a kan kowane laifin cirar da ta saɓa wa ƙa'ida, ban da mayar wa mai kuɗi kuɗinsa.